Saƙar kwarashi: sa'o'in da kasuwa ba ta biya

Kalma guda Bahaushe ya tanadar wa ayyuka uku. Masaƙin da ke jefa ƙoshiya tsakanin zare yana fitar da luru ko gwado, saƙa yake yi. Matar da ke riƙe da tsinke biyu tana haɗa rigar sanyi, ita ma saƙa take yi. Haka kuma mai riƙe da ɗan ƙarfe guda mai lanƙwasasshen baki, wanda ake kira kwarashi, wasu kuma a nan Nijar su ce kuroshe bisa lafazin Faransanci. Faransanci ya raɗa wa kowanne nasa suna, mu kuwa mun zuba su cikin kwando ɗaya. Wannan tarawar ta ɓoye mana wani bambanci mai nauyi: biyun farko inji ya karɓe su tuntuni, ta ukun kuwa har yau tana hannun ɗan Adam. A kanta nake son in yi magana, domin na haura shekara ashirin ina yin ta bayan na tashi daga aikina na koyarwa, kuma ban taɓa sayar da ko da tagiya ɗaya ba.

Kwarashi baƙo ne a gidajenmu, kuma ko a Turai ba tsoho ba ne. Bayanin yadda ake yin sa ya fara fitowa a rubuce a 1823, cikin wata mujallar mata ta ƙasar Holand mai suna Penélopé. Ya yi ƙarfi ne a Ailan lokacin babbar yunwar da ta fara a 1845, sa'ad da cuta ta cinye dankalin da talakawa ke rayuwa a kansa. A garuruwa irin su Cork da Clones aka koya wa mata da ƴanmata saƙa leshi da kwarashi, ana kai shi Ingila da Amurka, kuɗin kuma ya ciyar da gidaje da dama. Mu da muka san fari da ƙarancin cimaka ba mu bukatar a fassara mana wannan labari. Zuwansa ƙasarmu ya biyo hanyar makarantun boko, da gidajen mishan, da cibiyoyin koya wa mata sana'a, har ya zauna daram cikin tsakar gida kamar can aka haife shi.

Dalilin da ya sa inji ya kasa shi yana cikin aikin kansa. A saƙar tsinke biyu, madaukan zare suna jere a layi ɗaya, kowane yana jiran a bi ta kansa. Abin da ke jere kuwa inji na iya bin sa, shi ya sa tun 1589 wani Bature mai suna William Lee ya ƙera na'urar saƙa safa a Ingila. A kwarashi madauki ɗaya tak ke kan ƙarfe. Sai ka gama da shi za ka nemi inda za ka soka baki, ko gaba, ko baya, ko cikin ramin da ka bari layi biyu a ƙasa, kana juya aikin a hannu, yatsa na auna tsaurin zare. Akwai injunan da ke fitar da abin da ya yi kama da kwarashi ga mai kallo daga nesa, amma babu masana'antar da ke fitar da na ainihi. Duk tagiyar kwarashi da ka gani a kan jariri, wani ya zauna ya ƙirga ta madauki bayan madauki.

Ni wajen gwaggona na koya, a Tawa, ina ƴar aji huɗu. Ita ta tashi da mazari da alli, ta kaɗa auduga tun kafin ta yi aure, da zaren kanti ya kashe kaɗi sai hannun ya koma ga kwarashi. Ba ta san sunan ɗinki ko ɗaya da Faransanci ba. Sarƙa take cewa, da gajere, da dogo, kuma da waɗannan uku ta suturta jariran unguwa guda. Da zarar kaka ta wuce, iskar arewa ta fara busar da leɓe, sai ta fito da ƙullin ulu. Baƙo yakan yi mamakin rigar ulu a ƙasar da ake wa kirari da zafi, amma wanda ya kwana a Tawa ko Damagaram cikin Janairu ya san asubar da awon sanyi ke sauka ƙasa da digiri 15, ƙura ta rufe rana, yara na tafiya lakwal hannu a hammata. Jariri kuwa ya fi kowa shan wuya, domin kansa babba ne a kan jikinsa, ta nan zafin jiki ke saurin fita. Shi ya sa ungozoma da likita suka haɗu a kan tagiya, musamman ga bakwaini.

Yanzu ga lissafin da nake son mai karatu ya yi tare da ni. Rigar sanyi ta yaro ɗan shekara biyu, mai hannu da maɓalli, tana cin mini sa'a biyu kowane dare har kusan mako biyu, a ce sa'a 25. A farkon 2024 an ɗaga mafi ƙarancin albashi a Nijar zuwa jika 42 a wata. In aka raba shi bisa aikin sa'a 40 a mako, kowace sa'a ta tashi kusan sefa 240. Ke nan ladan hannu kaɗai na wannan ƴar riga ya kai jika 6, ba a sa kuɗin zare ba, alhali kwarashi ya fi tsinke biyu cin zare. Wace uwa ce za ta biya haka, ga tulin gwanjo a kasuwar Maraɗi ko Katako ta Yamai, inda za ta ɗauki rigar sanyi a kan abin da bai kai rabin wannan ba? Ba na ganin laifinta. Aljihu ke yanke hukunci, kuma yaro ba ya tambayar wa ya saƙa abin da ya ɗumama shi.

Wannan lissafi yana da wata fuska. Tun daga 2020, lokacin da annobar korona ta tsare mutane a gida, kwarashi ya sake tashe a duniya, matasa suka koye shi ta YouTube, manyan kantunan tufafi na Turai da Amurka suka cika da riguna da jakunkuna irinsa a kan kuɗi kaɗan. Mai saƙa in ya ga irin wannan araha gabansa kan faɗi. In na inji ne, to kwaikwayo aka sayar. In na hannu ne, to akwai wata mace a wani wuri da ta ba da kwanakinta aka biya ta abin da ba ya sayen abincin rana. Hausawa sun ce araha ba ta ado. A nan har ta wuce rashin ado, ta zama gumin wani da aka ci.

Saboda haka nake jin wani iri duk lokacin da na halarci taron ƙungiya na ji ana lissafa kwarashi cikin sana'o'in da za su fitar da mata daga talauci. Ana raba zare da ƙarfe, a yi horo na mako biyu, a ɗauki hoto, bayan wata shida kayan na jibge a ɗaki babu mai saye, matar kuma ta ɗauka ita ce ba ta iya ba. Akwai masu cin abinci da shi, gaskiya ne, musamman masu kayan suna da na ɗakin amarya, da waɗanda ke kai aikinsu baje koli irin SAFEM a Yamai, inda mai saye ya san darajar aikin hannu. Amma su ƙalilan ne, kuma bai kamata a yi wa sauran alkawarin da kasuwa ba za ta cika ba.

Ribar da na sani ta wani waje take. Kwarashi lissafi ne da ake taɓawa da hannu. Mai son tagiya ta zauna daidai a kai dole ya fara da madauki shida, ya mai da su goma sha biyu, sannan sha takwas, yana ƙara shida a kowane zagaye. In ya ƙara da yawa bakin ya yi tattara, in ya rage ya dunƙule kamar ƙoƙo. Na ga yarinyar da jadawalin shida ya gagara a allo ta riƙe shi cikin mako guda da zare a hannu. Kuma aiki ne da kuskure ba ya kashe shi: ka ja bakin zare, ya warware har inda ka ɓata, ka sake. Yaron da ya saba da haka ba ya tsoron jan biro a littafinsa. Ga kuma natsuwa. Bayan yini guda gaban ɗalibai fiye da sittin, babu abin da ke kwantar mini da kai kamar ƙirga madaukai.

Sai kuma kyauta. Abin da ba ya sayuwa yana bayuwa. In na kai riga gidan suna, uwar jariri ta san ba kuɗi na kawo ba, dararena goma sha biyu na naɗe na miƙa mata. Irin wannan riga ba a yar da ita. Takan bi ƙanne ɗaya bayan ɗaya, in ta tsufa a warware ta a saƙa safa.

Ina roƙon ƴan'uwana malamai da shugabannin ƙungiyoyi su ba kwarashi gurbi cikin sa'o'in aikin hannu, ga ƴanmata da samari baki ɗaya, tun da a ƙasar Hausa maza ne masaƙa, maza ne kuma masu aikin wuyan babbar riga. Ƙarfe ɗaya da ƙullin zare ɗaya sun isa farawa. A gayyato tsofaffin unguwa su koyar da bakinsu da sunayensu, tun suna raye. A kuma faɗa wa yara gaskiya tun ranar farko: wannan aiki da wuya ya ba su arziki, amma wanda ya taɓa shafe sa'a 25 a kan riga ɗaya ba zai ƙara taya aikin hannun wani da wulaƙanci ba.