Farashin da Aka Ja wa Layi

Mu jikokin fataken goro ne, ciniki gadonmu ne. A kasuwar Kejetia ko Makola, babu ɗan zango da zai biya kuɗin da mai kaya ya fara faɗa. Sai mun taya ya ce albarka, mun juya baya kamar za mu tafi, sannan mu ji sallama. Kowa ya san farashin farko na buɗe baki ne.

Amma da Nuwamba ta kama, ragin Black Friday ya cika mana wayoyi, sai wannan ilimi ya kuɓuce mana. A ce tukunyar lantarki ce: an ja wa sidi 600 layi, an rubuta 390. Wa ya taɓa biyan 600 ɗin nan? Mai kaya ne ya taya wa kansa, ya sallama wa kansa, mu kuwa muna ta godiya. Agogon da ke ƙirga mintunan ragin aikinsa ɗaya, ya hana mu juya baya.

Tun da hauhawar farashi ta haura kashi 50 cikin ɗari a Gana a ƙarshen 2022, "tsohon farashi" ma ya zama abin tambaya: na wane wata? Gara mu ɗora kuɗin mai babur a kan 390, mu gwada da farashin tukunyar a shagunan Adum yau. Wani lokaci ragin na gaske ne, musamman a wayar da sabon samfurinta ya fito. Sau da yawa kuwa tazarar ba ta wuce kuɗin mota zuwa kasuwa ba, inda za mu buɗe kwali, a jona mana tukunyar a wuta, kafin mu biya.