'Yar Fitilar Katako da Ranar da Rami Zai Ƙare

Duk wanda ya karanta ilimin ma'adinai ya san kowane rami yana da ranar ƙarewarsa. Muna koya wa ɗalibai su auna abin da ke ƙarƙashin ƙasa, su ƙiyasta nauyinsa, su raba da abin da za a haƙo a shekara, su fitar da shekarun da suka rage. Wannan lissafi ba shi da wuya. Abin da ba kasafai muke taɓawa a aji ba shi ne makomar mutanen da suka gina gidaje a bakin ramin, suka yi aure, suka hayayyafa, bayan motar ƙarshe ta kwashi kayanta ta tafi. Na fi shekara goma ina koyar da wannan fanni, kuma amsar da ta fi gamsar da ni na same ta ne a gaban injin juya katako, ina koyon yin wata 'yar fitilar ado da ba ta fi tsawon yatsa ba.

Na yi karatun digirina na uku a Freiberg, wani gari a jihar Saksoni ta ƙasar Jamus, a gindin jerin tsaunukan da ake kira Erzgebirge, wato Duwatsun Ma'adinai, waɗanda suka raba Jamus da ƙasar Cek. A nan aka gano azurfa a 1168, a nan aka kafa makarantar haƙar ma'adinai a 1765, kuma sai a 1969 aka daina haƙa. Maigidan da na yi haya a wurinsa dattijo ne ɗan fansho, yana da ƙaramin injin juya katako a ɗakin ƙasa. Da hunturu ya shigo, rana tana faɗuwa tun ƙarfe huɗu na yamma, sai ya sauka ya riƙa yin ƙananan fitilu da jikokinsa za su rataya a bishiyar Kirsimeti. Ganin na cika tambaya, wata rana ya miƙo mini kurfi ya ce in matso.

Mai karatu da ya saba ganin masassaƙinmu na gida zai ga bambanci nan take. Mai sassaƙa turmi ko akushi yana ajiye icce a ƙasa, gizago ne ke hawa da sauka. A wannan inji kuwa katakon ne ke gudu. Ana maƙale shi tsakanin tsinin ƙarfe biyu, yana juyawa sau dubu biyu ko fiye a minti guda, mai aiki ya ɗora kurfinsa a kan wani madogari, ya kusanto da bakinsa a hankali. Duk inda bakin ya taɓa, sai ya zagaye katakon gaba ɗaya. Shi ya sa abin da ya fito daga injin yakan zama mulmulalle, kamar ƙwarya ko tulu.

To, yaya za a yi a fitar da fitila mai tagogi huɗu da sarari a ciki daga injin da bai san komai ba sai da'ira? Hanyar da dattijon ya fi so ita ce a fara da ciki kafin waje. Zai ɗauki 'yan sanduna huɗu masu kusurwa huɗu, kowace faɗinta santimita biyu, tsawonta goma. Ya haɗa su wuri ɗaya da gam a ƙarshensu kawai, ya sa takarda a tsakani don su rabu cikin sauƙi daga baya. Ya ɗora a inji ya rarake tsakiyarsu, kamar ƙugun kalangu. Sai ya sauke, ya ɓamɓare su, ya juya kowace sanda ta yadda kusurwar da ke kallon waje za ta koma ciki. Da ya sake haɗa su, ramin da ya yi a waje ya zama ɗakin fitilar, tagogi huɗu sun buɗe da kansu a mahaɗar sandunan. Kafin ya manne su na dindindin yakan goge cikin da samfefa, ya dasa ɗan kyandir na katako da ya shafa wa jan fenti a ka. Bayan gam ya bushe ne yake mayarwa inji ya fitar da rufi, da gindi, da ɗan tsinin da za a ɗaura zare.

Wuri mafi wuya shi ne daidai tagogin. A nan kurfi yana cin katako, ya ci iska, ya sake cin katako, sau huɗu a kowane zagaye. Ido ba ya ganin katakon sosai, wata inuwa ce kawai ke rawa a gefensa, kuma ita mai aiki yake bi. In hannu ya danna fiye da kima, ginshiƙan da ba su fi kaurin tsinken ashana biyu ba su tarwatse. Dattijon yana aiki da kunne kamar yadda yake yi da ido: idan ƙarar ta canza ta yi siriri, ya san katakon ya kusa ƙarewa. Aiki ne na ragi zalla, abin da kurfi ya ɗauke ba ya dawowa. Fitilar da shi yake gamawa a cikin rabin awa ni takan ci mini yini, kuma sai da hunturu biyu suka wuce kafin ya ɗauki tawa ya rataya kusa da tasa.

Na tambaye shi dalilin da ya sa mutanen yankin suke da wannan ƙauna ga fitila, domin kowace taga a garin tana da haske a watan Disamba. Ya ce in tuna aikin kakanninsu. A hunturu mahaƙi yana shiga rami kafin gari ya waye, ya fito bayan rana ta faɗi, sai ya yi makonni bai ga hasken rana ba. Fitilar hannunsa ita ce tsakaninsa da mutuwa, hasken tagar gidansa kuma shi ke nuna masa hanya a cikin dusar ƙanƙara. Shi ya sa har yau suke sassaƙa mahaƙi riƙe da kyandir, da yara riƙe da fitilu. Ramukan sun rufe, amma abin da ramukan suka koya wa mutane game da darajar haske ya zama hajar sayarwa.

Inda wannan ya fi fitowa fili shi ne Seiffen, wani ƙauye mai mutane kimanin dubu biyu, tafiyar awa guda daga Freiberg. Kuza ce ta kafa shi. Sunansa ya fara bayyana a rubuce a 1324, kuma ya samo asali ne daga wanke ƙasa a rafi don tace kuza, aikin da duk ɗan Jos ya sani. Da kuzar ta fara ja baya, mahaƙa suka riƙa juya katako a lokacin da ba su da aiki: akusa, maɓallai, mazarai, daga baya kayan wasan yara. Gidajen da ruwa ke juya musu tabarya don daka duwatsun kuza, su aka mayar gidajen juya katako. Rafin bai canza ba, ƙafar da ruwa ke juyawa ba ta canza ba, abin da aka ɗaura mata ne ya canza. Akwai irin wannan gida da aka gina a 1760 wanda har yanzu ake nuna wa baƙi yana aiki. An rufe ofishin kula da haƙa na garin a 1849, shekara uku bayan haka, a 1852, aka buɗe makarantar koyon yin kayan wasa.

A can ne kuma, wajen shekarar 1800, suka fito da wata dabara da ta ba ni mamaki fiye da fitilar. Mai aiki yana juya ɗanyen katako ya zama zobe babba kamar gammo, yana rarake shi ciki da waje ba tare da ganin siffar da yake nufi ba. Sai an tsaga zoben ake ganin doki ne ko saniya, a yayyanka shi kamar burodi, a sami dabbobi arba'in ko fiye daga zobe ɗaya. Ba zan ɓoye ɗacin da ke cikin labarin ba. Iyalai sun yi aiki dare da rana, har da ƙananan yara masu fenti, dillalai na saye da arha su kai kasuwannin birane su ci riba. A yau ma kayan kwaikwayo masu araha daga ƙasashen Asiya suna matsa musu. Duk da haka ƙauyen yana raye, kuma baƙi na cika shi maƙil kowace ƙarshen shekara.

Ba na iya tuna Seiffen ban tuna Filato ba. Tun kafin zuwan Turawa mutanen Ririwai suna narka kuza suna sayarwa. Kamfanonin Ingila suka shigo a farkon ƙarni na 20, dubban mutane daga ƙasar Hausa da sauran wurare suka kwarara zuwa Jos da Bukur da Barikin Ladi, har aka yi aikin tilas a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Da haƙar ta ja baya, kasuwar kuza ta duniya kuma ta rushe a 1985, abin da aka bar wa mutane shi ne kududdufai masu zurfi da tsibin jar ƙasa. Mutanen Filato ba su zauna ba, da yawa sun mayar da ruwan kududdufan nan na noman rani, kuma wannan ita ce irin hikimar da na gani a Seiffen. Bambancin shi ne su sun yi ta ne bayan abin ya faru, kowa da ƙarfin kansa, babu makarantar da aka gina domin ta, babu sunan da aka kafa mata a kasuwa.

Yanzu ga zinariya a Zamfara, ga litiyam a Nasarawa, matasa na barin gona da makaranta suna shiga rami. Mun ga abin da gubar dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010, kuma wannan tun ramin yana bayarwa ke nan. Lissafin da nake koya wa ɗalibaina ya shafi waɗannan ramuka kamar yadda ya shafi na Saksoni. Hausawa sun ce tun ran gini ran zane. Mutanen Seiffen sun yi kusan shekara ɗari biyu suna riƙe da sana'a biyu a hannu, kafin ta farkon ta mutu ta biyun ta riga ta yi ƙarfi.

Ba cewa nake yi mutanen Anka su koma yin fitilun katako ba. Fitilar ta karɓu a can ne domin daga rayuwarsu ta fito, da dajinsu, da rafinsu, da duhun hunturunsu. Kowane gari mai rami yana da nasa abin da haƙa ta bar masa: maƙera da suka iya gyaran inji, masu walda, masu ido a kan dutse da za su iya koyon yanka shi da goge shi maimakon sayar da shi ɗanye a buhu. Wajibi ne sarakunan waɗannan wurare, da ƙananan hukumomi, da mu malaman jami'a mu zauna mu gano wannan abu tun kuɗin ramin yana shigowa, a ware wani kaso a gina masa makaranta, a sa yara a gaban gwanaye. Ƙwarewar hannu ba ta samuwa a taron bita na mako guda. Ni da digiri biyu a aljihu sai da na yi hunturu biyu a kan fitila ɗaya, ƙauye guda kuwa zuriya bayan zuriya yake buƙata. Duk shekarar da aka bari ta wuce, ramin ya ƙara zurfi, abin da ya rage a cikinsa ya ƙara raguwa.