Shimfiɗar Fuska a Ƙasar Japan

A wannan wata filin namu zai kai ku ƙasar Japan, inda muka kwana biyu a wani irin masauki na gargajiya da suke kira ryokan. Gida ne mai ɗakuna kaɗan, ba kamar manyan otal-otal na Kumasi ko Yamai ba, kuma babbar hajar da ake sayarwa a cikinsa ita ce karɓar baƙo, wadda su suke kira omotenashi.

Wannan sana'a ta daɗe a ƙasar. Akwai wani masauki mai suna Keiunkan a lardin Yamanashi wanda aka kafa tun shekarar 705, har littafin Guinness ya shaida a 2011 cewa babu otal da ya girme shi a duniya. Sai dai masaukai sun fi yawaita ne bayan 1635, lokacin da mai mulkin ƙasar ya wajabta wa sarakunan larduna su riƙa zuwa Edo, wato Tokyo ta yanzu, suna shekara guda can, shekara guda gida. Ayari ya cika hanyoyi. Babbar hanyar Tokaido, wadda ta haɗa Edo da Kyoto, tsawonta kusan kilomita 500 ne, tana da zango 53, kuma a kowane zango akwai masaukin manya da na talakawa.

Duk wanda ya tashi a zango zai gane wannan labari. Haka kakanninmu suka riƙa bin hanyar Gwanja daga Kano zuwa Salaga neman goro, suna sauka wurin maigida, ya ba su ɗaki da abinci, ya tsare musu kaya, ya nemo musu mai saye. Bambancin kawai, su mutanen Japan sun riƙe abin har ya zama sana'ar gado mai tsari da ƙa'idoji.

Masaukinmu yana Hakone, zango na 10 a waccan tsohuwar hanya, cikin duwatsu masu maɓuɓɓugar ruwan zafi. Daga tashar Shinjuku a Tokyo tafiyar kamar awa ɗaya da rabi ce a jirgin ƙasa. Muka isa da ƙarfe uku na yamma, lokacin da aka ce mu zo. Uwar gidan, wadda ake kira okami, ta tarbe mu a bakin ƙofa ta sunkuya. Nan muka tuɓe takalma, aka ɗauke su, ba mu sake ganinsu ba sai da za mu fita. Aka haɗa mu da wata dattijuwa mai hidima, ita ce za ta kula da ɗakinmu tun daga saukarmu har tafiyarmu. Ta zuba mana koren shayi, ta ajiye ɗan alawa, sa'an nan ta tambayi lokacin da muke son cin abincin dare.

Ɗakin kusan fayau yake. Babu gado, babu kujera mai ƙafa, sai gajeren tebur da matasan zama. An shimfiɗe ƙasa da tabarmi masu kauri da ake kira tatami, kowace tsawonta wajen mita 1.8, faɗinta rabin haka, kuma da yawansu ake auna girman ɗaki. Namu mai tabarma 10 ne. A gefe guda akwai wani ɗan lungu da aka rataye rubutun hannu, aka ajiye reshen fure guda ɗaya. Wannan lungu shi ne wuri mafi daraja a ɗakin: ba a ajiye jaka a cikinsa, kuma babban baƙo ne ake zaunarwa a gabansa.

To, daga nan ne muka lura cewa baƙo ma yana da nasa nauyin. Silifa ba ta hawa tatami. Makewayi yana da tasa silifar dabam. Rigar shan iska da ake ba kowa, yukata, ana ɗora ɓangaren hagu ne bisa na dama, domin gawa ce ake yi wa akasin haka. Abincin dare kuwa ba a makara, saboda mai dafawa ya riga ya lissafa lokacin da kowane kwano zai sauka daga wuta. Mai hidimarmu ta nuna mana duk wannan da murmushi, ba tare da ta sa mun ji kunya ba.

Abu biyu ne suka fi damunmu tun muna gida, kuma mun san su ne za su dami yawancin masu karatu: wanka da abinci. Ruwan zafin da ke fitowa daga ƙasa, wanda suke kira onsen, shi ne abin alfaharin Hakone. Amma a babban wurin wankan, ko da yake maza dabam mata dabam, kowa tsirara yake shiga bayan ya cuɗa jikinsa da sabulu a gefe. Wannan bai dace da addininmu da kunyarmu ba. Mafita ita ce a kama ɗaki mai nasa kwarmin wanka, ko a nemi ƙaramin wurin wanka da ake keɓe wa iyali na ɗan lokaci. Mu ɗakin muka kama, muka jiƙa gajiyarmu muna kallon itatuwan kan dutse.

Abincin dare, kaiseki, yana zuwa ne kwano bayan kwano, kaɗan-kaɗan, wajen kala goma: ɗanyen kifi, gasasshe, ganyaye, awara, romo, daga ƙarshe shinkafa da miya. Inda gizo ke saƙar shi ne, girkin Japan yana yawan amfani da giyar shinkafa iri biyu, sake da mirin, ban da naman alade. Tun muna kama ɗaki muka rubuta musu abin da ba ma ci, suka amsa cewa za su iya. Ba kowane gida ne yake iyawa ba, kuma ba a faɗin irin wannan a ranar da aka sauka, domin an riga an yi cefane. Kafin mu gama ci an kawar da tebur an shimfiɗa katifu a ƙasa. Ƙasa mai tsabta irin wannan ba ta ba mai salla wahala, sai dai mu da muka saba cewa a fuskanci gabas, a Japan alƙibla tana yamma ne, an ɗan karkata arewa.

Kuɗin fa? Da kai ake biya, ba da ɗaki ba, haɗe da abincin dare da na safe. A irin waɗannan gidaje masu tsada, yen 50,000 ga mutum ɗaya a dare ba abin mamaki ba ne. Duk da haka sana'ar tana ja da baya. A 1980 akwai ryokan sama da 80,000 a ƙasar, amma zuwa 2017 ba su kai 40,000 ba. Aikin yana cin hannuwa da yawa, jama'ar ƙasar suna tsufa, 'ya'ya kuma ba kowa ke son gadon gidan ba. Shi kansa Keiunkan, bayan ya yi zuriya 52 a hannun dangi ɗaya, a 2017 wani ma'aikacin gidan aka miƙa wa ragamarsa.

Hausawa sun ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. A Hakone mun tarar da duka biyun, muka kuma ga cewa shimfiɗar fuskar ma aiki ce da ake koyo, ake biyan mai yinta, kuma tana iya ɓacewa in babu magaji. Unguwanninmu na zango a kan saukar baƙi aka kafa su, saboda haka ya kamata mu tambayi kanmu su wa ke koyon wannan aiki a wurin dattawanmu yau. Wanda kuma Allah ya nufe shi da zuwa Japan, ya rubuta musu bukatunsa da wuri, ya isa a kan lokaci, ya kiyaye dokar gida.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.