Shatar Mota Daga Gezawa Zuwa Damagaram: Kuɗin Zuwa Da Kuɗin Dawowa

Yau da tambayar lissafi za mu fara. Idan kujera ɗaya a mota daga Kano zuwa Damagaram kuɗinta kaza ne, motar kuma tana ɗaukar fasinja shida, nawa ne kuɗin motar gaba ɗaya? Ko ɗan aji ɗaya zai ce a ninka kaza sau shida. A takardar jarrabawa ya ci maki. A tasha kuwa direba murmushi zai yi ya ce, "To, dawowata fa?" Wannan tambaya ita ce darasin da muka ɗauko a tafiyar da muka yi bayan kaka, lokacin da muka yi shatar mota daga Gezawa muka kai amarya birnin Damagaram a Jamhuriyar Nijar.

Inda muka tashi

Gezawa tana arewa maso gabas da birnin Kano, a kan hanyar da ta nufi Gumel. Ƙidayar 2006 ta nuna ƙaramar hukumar na da mutum 282,069 a faɗin murabba'in kilomita 340. Ku raba ku gani: sama da mutum 800 ke nan a kowane murabba'in kilomita, kuma mafi yawansu manoma. Shi ya sa a nan da wuya ka ga saura ko daji. Gona tana jingine da gona, ƙauye yana hango ƙauye. Kowace shekara ana noma fili ɗaya, ana ciyar da shi da takin awaki da tumaki da na bola, ana haɗa gero da dawa da wake da gyaɗa. A cikin gonakin ga gawo, ga ɗorawa, ga kuka da tsamiya, kowace bishiya da mai ita. Wannan dabara ta noma ce ta jawo masana irin su Michael Mortimore suka yi shekaru suna nazarin karkarar Kano, har ƙauyen Tumbau na Gezawa ya shiga littattafan ilimi na duniya.

Mutanen da ƙasa ta yi wa kaɗan ba sa zama wuri ɗaya. Da rani ya kama, wasu na tafiya cin rani, wasu fatauci, kuma a hanyar fatauci ake ƙulla abota har ta kai ga auratayya. Haka 'yar'uwarmu ta samu miji Badamagare. An riga an tura kayan ɗaki a babbar mota. Saura amarya da masu rakiya, mu shida, da akwatuna da garar da ba za a bari a baya ba. Za mu yi kwanaki a can, don haka motar zuwa kawai muke bukata.

Me ya sa zuwa kawai ya fi tsada?

Hanya uku aka shimfiɗa mana a tasha. Ta farko, mu shiga motar layi kamar kowa, mu jira ta cika. Ita ce mafi arha, amma ba a yawo da amarya daga tasha zuwa tasha. Ta biyu, mu yi shata zuwa bakin iyaka, mu sauke kaya, mu tsallaka, mu sake ciniki da motar Nijar. Ta uku, mota ɗaya ta ɗauke mu daga ƙofar gida ta ajiye mu a ƙofar gida. Baffan amarya, wanda shi ne jagoranmu, ya zaɓi ta uku.

Da direban Sharon ɗin ya faɗi kuɗinsa, ya zarce kuɗin kujera shida nesa ba kusa ba. Baffa ya ce, "Haba malam direba, ai ba sayen motar muka zo yi ba." Shi kuwa ya ce, "Alhaji, ku kun tafi ke nan, ni gidana yana Kano. Motar ba za ta tare da amarya ba."

Gaskiyarsa. Daga Kano zuwa Damagaram kimanin kilomita 240 ne. Mu ƙaddara 270 daga Gezawa, mu kuma ƙaddara motar na shan lita 10 a kowane kilomita 100. Zuwa lita 27 ke nan, amma direba lita 54 zai ƙona kafin ya ga iyalinsa. Kuna iya cewa ai sai ya ɗauko fasinja a dawowa. Nan ma akwai magana. Kowace tasha tana da layi, direbobin garin sun rubuta suna tun asuba suna jiran juyinsu, baƙo ba ya zuwa ya tsallake su. In ya dage sai ya yi lodi, zai iya kwana yana jira, kwanan nan kuwa asarar aikin yini ce. Ashe wanda ya yi shatar zuwa kawai, har hanyar da ba zai bi ba yake biya.

Ba a nan ƙasar kaɗai ake haka ba. A Turai da Amurka akwai kamfanoni irin su Hertz da Avis da ke ba da hayar mota ba tare da direba ba. Ka nuna lasisin tuƙi da katin banki, a miƙa maka makulli. Hertz ya samo asali ne a birnin Chicago a 1918 da 'yan motoci ƙirar Ford. Idan ka ɗauki mota a wani gari ka ce a wani garin za ka ajiye ta, yawanci sai an ƙara maka kuɗi na musamman, ƙarin kuma yakan yi tsanani idan ajiyewar a wata ƙasa ce, domin dole wani ya maido da motar inda aka yi mata rajista. Su a kwamfuta suke lissafin, mu a bakin tasha, amma dalilin ɗaya ne.

Maganar da aka gama kafin a tashi

Baffa bai yarda a tsaya a fatar baki ba. Ya sa aka kira wakilin ƙungiyar direbobi na tashar, aka yago takarda aka rubuta abu bakwai: inda za a ɗauke mu, inda za a sauke mu, wato ƙofar gidan ango a unguwar Birni, mai na wuyan direba, kuɗin takardun mota da kuɗin hanya su ma nasa ne, ba zai ɗauki wani fasinja ko saƙon kowa a hanya ba, in mota ta lalace shi zai nemo wadda za ta ƙarasa da mu, rabin kuɗi yanzu, rabi in mun sauka. Kowa ya sa hannu.

Sharaɗi na biyar ku riƙe shi da kyau. Ƙunshin da ba ku san abin da ke ciki ba, idan aka buɗe shi a bakin iyaka aka ga haramtaccen abu, duk wanda ke cikin motar sai ya yi bayani.

Sai takardu. Kowannenmu ya riƙe takardar tafiya, fasfo ko takardar ECOWAS, da katin allurar rigakafin shawara. Direba kuma ya nuna lasisi, da takardun mallakar mota, da inshorar ƙetare. A 1975 aka kafa ECOWAS a Legas. A 1979 ƙasashenta suka amince ɗan wata ƙasa ya shiga wata ya yi kwana 90 ba biza, a 1982 kuma suka ƙirƙiro inshorar mota ta bai ɗaya mai suna Brown Card. Amma fa al'amarin iyaka ba ya zama wuri ɗaya. Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. An sake rufe ta Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, sai a Maris ɗin 2024 Nijeriya ta buɗe nata ɓangaren. Ranar 29 ga Janairun 2025 kuma Nijar ta kammala ficewa daga ECOWAS. Don haka mai niyyar tafiya ya je ofishin shige da fice ya tambayi abin da ake bukata a wannan makon, kada ya dogara da labarin wanda ya je bara.

A kan hanya

Bayan sallar asuba muka bar Gezawa, hazo ya lulluɓe gonaki, harawar wake a ɗaure a kan rassan bishiyoyi. Muka wuce Jogana, inda layin dogon Kano zuwa Nguru ya ratsa, muka keta birni kafin cunkoso, muka fita ta Dawanau mai babbar kasuwar hatsi. Daga nan sai Dambatta, sai Kazaure ta jihar Jigawa da duwatsunta, sai Daura ta jihar Katsina, garin rijiyar Kusugu da kuka karanta a labarin Bayajida. Jiha uku kafin hantsi ya dubi ludayi.

Gaba kaɗan da Daura aka iso Kwangwalam, ƙarshen Nijeriya. Aka duba mu ɗaya bayan ɗaya, aka buga hatimi, muka gangara Ɗan Barto, farkon Nijar. A can jami'an duwan, wato kwastan, suka ba direba takardar izinin shigar mota na ɗan lokaci, wadda zai mayar in zai fita. Wannan takarda ita ce shaidar cewa motar baƙuwa ce, ba sayar da ita aka zo yi ba. Ba a sauya hannun tuƙi ba, domin tun ranar 2 ga Afrilun 1972 Nijeriya ta koma tuƙi ta dama kamar maƙwabtanta. Agogo ma bai sauya ba.

Abin da ya sauya shi ne kuɗi. Muka canji Naira zuwa Sefa, nan take lissafi ya sake dawowa. A Nijar da dala ake ƙirga, dala ɗaya kuwa Sefa 5 ce. Mai rake ya ce mana "ashirin", ashe Sefa 100 yake nufi. Sefa 1,000 kuma ita ce jika guda. Hausa ɗaya muke ji da su, amma makaranta a bakinsu lakwal ce, malamin boko mushe, ɗan acaɓa kabu-kabu. Mu Ingilishi ya shigar mana baki, su Faransanci.

Ƙasar kuwa ba ta san an tsallake iyaka ba. A yankin Matamaye gonakin gero ne cike da gawo, tamkar muna bayan garin Gezawa. Gawo bishiya ce mai abin mamaki: da damina take zubar da ganye, ta bar wa shuka rana da taki, da rani kuma ta yi kore ta ba dabbobi abinci. Manoman Matamaye da Magarya da Mirya sun yi suna a duniya wajen rainon 'ya'yan gawo da suka tsiro da kansu a gona, bayan farin shekarun 1970 da 1980. A Takeita muka hau babbar hanyar da ta taso daga Yamai, muka miƙe gabas.

Damagaram

Manyan duwatsu masu sulɓi su ne suka fara yi mana maraba. A bakin gari direba ya rage gudu ya ce, "Alhaji, ko in sauke ku a tasha? Lungunan Birni ƙanana ne, ga shi ina so in tsallake iyaka da sauran rana." Uzurinsa na gaskiya ne. Amma sauke amarya da gara a tsakiyar tasha, a garin da ba mu sani ba, abin kunya ne da dangi za su daɗe suna ambato. Gwaggon amarya har ta fara salati. Baffa bai ɗaga murya ba. Ya zaro takardar nan daga aljihu ya ce, "Ɗana, karanta na biyu." Direba ya yi dariya ya ce, "Shi ke nan Baba, magana ta ƙare." Har ƙofar gida ya kai mu, aka tarbe mu da guɗa. Aka ba shi fura da tuwo, aka cika masa rabin kuɗinsa, ya juya da kujeru shida babu kowa a kai.

Kwanakin da muka yi mun zaga gari. Turawa suna kiransa Zinder. Birni ita ce tsohuwar unguwar sarauta, inda fadar Sarkin Damagaram take, da gidajen ƙasa masu zanen ado a fuska. Zango kuwa nan ne masaukin fatake tun zamanin ayarin raƙuma da ke haɗa Kano da Agadas da Tarabulus. Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, shi ya ɗaukaka masarautar, ya ƙarfafa ganuwa, har aka riƙa ƙera igwa a garin. Faransawa sun ci garin a 1899, ya zama hedikwatar mulkinsu a Nijar kafin a mayar da ita Yamai a 1926.

Akwai kuma abin da ya shafe mu kai tsaye. A ƙarshen shekarun 1890, zamanin Sarkin Kano Alu, rundunar Sarkin Damagaram Amadu Kuren Daga ta kutso ƙasar Kano har ta iso Gezawa. Da muka faɗa wa wani dattijo daga inda muka fito, sai ya ce, "Kakanninmu sun je muku da dawaki, ku kun zo mana da amarya. Ai kun fi mu iya yaƙi." Aka yi ta raha.

Da muka tashi dawowa, motar layi muka shiga, kowa ya biya kujerarsa kawai, domin wannan direban yana da tabbacin fasinja a Kano.

Aikin wannan mako

Ku ɗauko taswirar Afirka ta Yamma ku bi hanyarmu da yatsa, daga Gezawa zuwa Damagaram, ku rubuta jihohi da garuruwan da muka ratsa. Sannan ku warware wannan: an sayar muku da kwanon dabino a kan jika guda da hamsin, Sefa nawa za ku biya? Na ƙarshe, ku tambayi farashin litar mai a garinku, ku lissafa nawa direbanmu ya kashe a dawowar da ya yi shi kaɗai. Ku kai wa malamin lissafi amsoshinku ya duba. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.