Sandar Golf: A Sayi Daidai Hannu, Ba Daidai Ido Ba



A cikinmu mazauna Legas, Ibadan da Fatakwal, masu buga golf sai ƙaruwa suke yi. Wasu abokan kasuwanci ne suka ja su zuwa filin Ikoyi, wasu likita ne ya ce su riƙa tafiya a ƙasa, wasu kuma matasa ne da suka fara da ɗaukar wa manya jaka har suka koyi bugu. Abin da ke damunmu shi ne yawan waɗanda ke zuba kuɗi masu yawa a sandunan ƙarfe, sannan bayan wata uku su jingine jakar a bayan ƙofa su ce wasan ba nasu ba ne. Sau da yawa sandar ce ba ta dace da su ba.

Doka ta yarda ɗan wasa ya ɗauki sanda 14 a jaka, kuma kusan rabinsu na ƙarfe ne, masu lamba daga 3 zuwa 9. Ƙaramar lamba tana kai ƙwallo nesa amma tana da wuyar bugu. Babbar lamba tana ɗaga ƙwallo sama ta sauke shi kusa.

Kan sandar iri biyu ne. Akwai siririn kai mai shafaffen baya, wanda ake kira biled, irin wanda Tiger Woods ke bugu da shi. Nauyinsa ya taru a tsakiya, don haka gwani yana iya lanƙwasa ƙwallo dama ko hagu yadda ya so. Amma in bugun ya kauce wa tsakiya ko da kaɗan, ƙwallon ba zai yi nisa ba, hannu kuma zai ji zafin girgiza. Akwai kuma mai rami a baya, wanda aka kwashe ƙarfen tsakiyarsa aka mayar gefe-gefe. Injiniya Karsten Solheim, wanda ya kafa kamfanin Ping a Amurka, shi ya yaɗa wannan ƙira, kuma samfurinsa na Eye2 da ya fito a 1982 ya karɓu ƙwarai. Amfanin wannan ƙira shi ne kan ba ya saurin murɗewa in bugu ya kauce, ƙwallon zai tashi ya nufi inda aka so ko da bai kai cikakken nisa ba.

Shawararmu ga sabon shiga ita ce ya ɗauki mai rami a baya, mai faɗin ƙasa. Faɗin nan yana hana sandar nutsewa a cikin laka, abin da duk wanda ya buga a damina a Kudu ya san darajarsa. Ya kuma bar lamba 3 da 4, ya maye gurbinsu da haibirid, wadda kanta ya fi kauri kuma ta fi saurin ɗaga ƙwallo. Wanda handikaf ɗinsa ya sauko ƙasa da 10, wato ya kusa zama gwani, shi ne zai fara tunanin siririn kai, kuma ko cikin ƙwararru da yawa masu rami a baya suke riƙewa.

Sai jikin sandar. Na ƙarfe ya fi nauyi, ya dace da matashi mai ƙarfin lilo. Na girafait ya fi sauƙi kuma yana rage girgiza, ya fi wa dattawanmu da masu ciwon gwiwar hannu. Wanda lilonsa ba shi da sauri, in ya ɗauki jiki mai tauri, ƙwallonsa zai riƙa tafiya ƙasa-ƙasa. Tsawon mutum ma yana da tasiri, domin dogo da gajere ba sa ajiye kan sanda a ƙasa iri ɗaya.

Mun san yawancinmu gwanjo muke saya, kuma babu aibi a ciki. A dai duba layukan da ke fuskar kai, kada su zama sun shafe, a duba mariƙin ko ya yi santsi, a kuma yi hattara da jabu masu ɗauke da sunan manyan kamfanoni. Kafin a biya kuɗi, a nemi mai horarwa na filin da ake wasa, a gwada lamba 7 a gabansa sau goma ko fiye. Idonsa zai ga abin da mai saye ba zai gani ba.

Muna kuma roƙon manyanmu masu kyautar tsofaffin sanduna ga yaran da ke ɗaukar musu jaka: Allah ya saka da alheri, amma a duba abin da ake ba su. Yaron da ya fara da siririn kai yana iya karaya kafin ya gane yana da baiwa. Daidai ruwa daidai tsaki. Wanda ke da saitin da ya ajiye ba ya amfani da shi, ya sanar da shugabannin ƙungiya, akwai matasa masu buƙata.