Tsohuwar Kwamfutarmu da Littafin Baba Malam



Akwai wata tsohuwar kwamfutar tebur a ofishin ƙungiyarmu ta marubuta, idan har za a kira rabin shagon da shugabanmu ya ba mu aro da sunan ofis. Tun kafin mu shiga ƙungiyar aka yi karo-karo aka sayo ta a titin Beirut da ke Kano. Gwanjo ce, irin waɗanda ma'aikatun ƙasashen waje suka gama cin moriyarsu aka loda su a kwantena. Injinta Core 2 Duo E8400 ne, wanda kamfanin Intel ya fitar a 2008, lokacin da wasunmu ke firamare. Ram ɗinta giga 2, rumbun ajiyarta giga 160, tana tafiya da Windows 7. Duk wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, amma shekara da shekaru tana yi mana aiki har muka manta da shekarunta.

A cikinta akwai gajerun labarai 14 da muka tara domin littafin haɗaka na farko da ƙungiyar za ta buga. Akwai kuma littafin wani dattijonmu, tsohon malamin makaranta da muke kira Baba Malam. Shekara shida yana zuwa da yamma yana bugawa da yatsa biyu, yana kwafa daga littattafan rubutu na 'yan makaranta. Bayan ya gama, gara ta cinye littattafan a ɗakinsa, idonsa kuma ya yi rauni. Wato dai duk duniya babu inda littafin nan yake sai cikin wannan akwatin ƙarfe.

Wata Asabar cikin hunturu aka danna ta, fanka ta juya, ta yi ƙara "ɗit, ɗit, ɗit", allo kuwa baƙi ƙirin. Kowa ya juyo ya kalle mu, don mu ne masu difloma daga kwalejin kimiyya da fasaha. Diflomar tamu ta harkar kasuwanci ce, kwas ɗaya tal muka yi na kwamfuta, amma a rashin uwa akan yi uwar ɗaki. Ma'aji ya buɗe littafinsa ya ce naira 40,000 ce a asusu, kuma kuɗin da ake tarawa ne na maɗaba'a.

Kafin mu taɓa komai sai da muka riƙe hannun wani ɗan'uwa da ya ga wani ɗan jan makunni a bayanta yana shirin matsa shi, wai ko shi ne ya goce. Wannan makunnin yana kan akwatin wutar tsofaffin kwamfutoci da yawa, gefe ɗaya an rubuta 115, ɗayan 230. Na farko na wutar Amurka ne, tamu ta Najeriya 230 ce. Da ya mayar da shi kan 115 aka jona, da sai dai mu ji fas da warin ƙuna. Garin neman gira a rasa ido ke nan.

Muka zare wayar wuta, muka kwance murfin. Ƙurar da muka tarar a ciki ta isa a shuka gyaɗa. Da tsohon buroshin haƙori da abin hura iska na masu gyaran waya muka share fanka da ramukan iska. Ƙarar nan da take yi kuwa ba ta banza ba ce. Duk lokacin da aka kunna kwamfuta, takan fara duba sassan jikinta kafin ta nemi Windows, idan ta tarar da matsala alhali ba ta kai ga iya rubutu a allo ba, sai ta faɗa da ƙara. Sau da yawa ram ne. Muka ciro sandunan biyu, kowanne giga 1, muka goge bakinsu mai ruwan zinare da robar goge fensir, muka riƙa mayar da su ɗaya bayan ɗaya muna gwadawa. Ɗaya ya tashe ta. Ɗayan, duk ramin da muka sa shi, sai ƙara. Ba mu kashe ko kwabo ba muka gano mai laifi.

Da ta taso sai ta tsaya tana ƙorafin kwanan wata, agogonta ya koma shekarun baya. Wannan aikin wani ɗan batir ne mai kama da kwabo da ke manne a kan babban allon cikinta, lambarsa CR2032, ƙarfinsa bolt 3. Ana samunsa har wajen masu gyaran agogo, kuɗinsa bai kai na faranti ɗaya na shinkafa da wake ba.

Murnarmu ba ta je ko'ina ba. Windows ta ɗauki kusan minti goma tana buɗewa, kuma muna jin wani sauti daga rumbun ajiya, ƙas, ƙas, kamar ana buga ƙusa a nesa. Mutum uku suka ba mu shawara iri ɗaya: a yi mata fomatin, cuta ce ta shige ta. Mun kusa yarda, Allah ya sani, don ita ce amsar da muka saba ji a kan kowace matsala. Abin da ya cece mu shi ne mun je kasuwa neman ram, muka ba wani mai gyara labari. Bai ko ɗago kai daga aikinsa ba ya ce, "Malam, in kana jin wannan ƙarar, kashe ta. Kwashe kayanka tukuna, sannan ka dawo mu yi maganar ram."

Ya yi mana bayani. A cikin rumbun akwai faifai da ke juyawa sau 7,200 a minti ɗaya, da wani ɗan hannu mai karantawa da ke shawagi a kansa ba tare da ya taɓa shi ba. Idan hannun ya kasa gane wurinsa yakan koma ya sake farawa, shi ne ƙas-ƙas ɗin. Kowace kunnawa tana iya zama ta ƙarshe, fomatin kuwa da ya share littafin Baba Malam tun kafin rumbun ya mutu da kansa. Ya ba mu hayar wata waya da ke haɗa rumbu da kwamfutar cinya ta kafar USB, mai ɗauke da tata wutar daban, domin babban rumbu na kwamfutar tebur yana buƙatar bolt 12, abin da kafar USB ba ta bayarwa.

A daren muka ari kwamfutar cinyar wata 'yar'uwa. Ba mu ce a kwashe komai gaba ɗaya ba. Littafin Baba Malam muka fara ja, sannan labarai 14, sannan takardun ƙungiya. Da muka zo kan hotunan tarurruka sai ya fara tsayawa, wasu suka fito, da yawa suka ƙi. Kwana biyu bayan haka ko juyawa ya daina.

Sai muka buɗe littafin, gabanmu ya faɗi. Inda ya kamata a ga "ƙasa" sai ga "}asa", "haɗa" ta zama "ha]a", "zaɓe" ya zama "za~e", shafi bayan shafi. Muka ɗauka lalacewar rumbu ce ta cinye haruffan. Sakatarenmu, wanda ya taɓa aiki a shagon buga takardu, ya leƙo ya yi dariya. Ashe Baba Malam da haruffan Rabi'at ya yi bugunsa, waɗanda Farfesa Abdalla Uba Adamu ya samar tun lokacin da kwamfuta ba ta san haruffanmu masu lanƙwasa ba. Dabarar ita ce an ɗora ƙ da ɗ da ɓ a gurbin wasu alamomin da ba a cika amfani da su ba. Muddin akwai waɗannan haruffa a kwamfutar, rubutu zai fito daidai, in babu sai alamomin asali su bayyana. Ta yi wa Hausa aiki ƙwarai a zamaninta. Yanzu kuwa tsarin Unicode ya ba kowane harafi lambarsa ta kansa, ƙ tana nan ƙ a waya da kwamfuta da intanet. Da umarnin nema da musanyawa, sau shida, ƙananan haruffa uku da manyansu uku, muka dawo da littafin hayyacinsa. Duk wanda ya gaji tsohon rubutu daga wani dattijo ya ga irin waɗannan alamomi, kada ya yi saurin yar da shi.

Sai da hankali ya kwanta muka zauna rabon kuɗi. Wasu suka ce a sayi sabon allo mai faɗi, wani ya ce a canja injin. Ra'ayinmu shi ne marubuci ba ya buƙatar ko ɗaya, rubutu ba ya cin ƙarfin kwamfuta. Kusan rabin abin da muka kashe ya tafi a kan sabon rumbu irin na SSD mai giga 128, wanda babu abin da ke juyawa a cikinsa, kuma yana shiga kafar SATA ɗin da tsohon ya fita. Shi kaɗai ya mayar da buɗewarta ƙasa da minti ɗaya.

A kan ram muka tafka namu kuskuren. Muka sayo DDR3 saboda ya fi araha da yawa a kasuwa, muka zo ya ƙi zama. Tamu DDR2 take ɗauka. Tsawonsu ɗaya, haƙoransu 240 duka, amma ɗan tsagin da ke tsakiya ba wuri ɗaya yake ba, kuma da gangan aka yi haka don kada a cusa wani a gurbin wani. Muka koma da kunya, muka yi ciko aka canja mana da sanduna biyu masu giga 2. Da mun tafi da mataccen a aljihu tun farko, da ba mu biya kuɗin mota sau biyu ba.

Saura manhaja. Microsoft ta daina kula da Windows 7 tun 14 ga Janairun 2020, wa'adin Windows 10 kuma ya cika a ranar 14 ga Oktoban 2025. Windows 11 ba ta karɓar inji mai shekarun namu. Muka sa Linux Mint, kyauta ce, tana zuwa da LibreOffice da ke buɗe takardun Word, kuma akwai tsarin madannai na Hausa a cikinta. Gaskiya an sha gunaguni a makon farko, har yanzu ma akwai wanda ke cewa mun ɓata masa kwamfuta. Na'urar riƙe wuta ta fi ƙarfin aljihunmu, don haka muka saita ta tana adana aiki da kanta duk bayan minti biyu, saboda ɗaukewar wuta. Kowace Asabar kuma ana kwafe komai a filashi da ke hannun ma'aji, a kuma tura a Google Drive, inda ake ba da giga 15 kyauta.

Ragowar kuɗin bai isa maɗaba'a ba, an ɗage littafin haɗaka zuwa bayan sallah, wasu ba su ji daɗi ba kuma suna da hujja.

Ranar da muka gama, muka buga babin farko a takarda muka kai wa Baba Malam gida. Ba mu gaya masa abin da ya kusa faruwa ba. Muka zauna a tabarma a zaure muna karanta masa, yana jingine da bango ido a rufe. Muna tsakiyar shafi na uku ya ɗaga hannu.

"Dakata, ɗana. Ƙaiƙayi na rubuta ko kaikayi?"

Muka duba. "Baba, babu lanƙwasa a nan."

"To kuskurena ne, tun wancan lokacin. Sa alama, in ka koma ka gyara. Ci gaba."