Kafin Ka Biya Kuɗin Tokunbo, Dubi Katin Hotonta

Tun da Microsoft ta daina kula da Windows 10 ran 14 ga Oktoban 2025, tambayar da 'yan uwa ke yawan yi mini a nan Agege ita ce: Malam, wannan tsohuwar kwamfutar ta ƙi karɓar Windows 11, sai jefarwa ke nan? Amsata kullum a'a ce, a ɗora mata Linux, wadda kyauta ce. Da yawanmu da guminmu muka haɗa kuɗin tokunbo a Computer Village da ke Ikeja domin yara su koyi danna kwamfuta kafin jarrabawar JAMB, ba abin yarwa ba ce. Amma akwai wuri ɗaya da nake jan kunnen kowa a kansa, wato katin hoto.

Katin hoto shi ke zana duk abin da ido ke gani a fuskar kwamfuta, kuma ba ya jin yaren babbar manhaja sai da tafinta, wanda ake kira direba. Idan katin na Intel ne ko AMD, to barka, direbansa na cikin Linux tun asali, kana kunnawa ya kama aiki. AMD ta fara sakin bayanan katunanta tun 2007, direbanta na amdgpu kuma ya shiga zuciyar Linux a 2015.

Nvidia kuwa labarinta daban. Shekara da shekaru direbanta a rufe yake, har masu sa kai suka zauna suna lalube suka ƙirƙiro nasu mai suna nouveau. A 2012 Linus Torvalds, wanda ya faro Linux a 1991, ya fito fili a wani taro a Finlan ya ce kamfanin ne mafi wuyar sha'ani da suka taɓa hulɗa da shi. Sai a Mayun 2022 Nvidia ta buɗe wani sashe na direbanta, shi ma ga katunan zamanin GTX 16 da RTX 20 zuwa sama kawai. To nan fa gizo ke saƙa, domin abin da ya fi yawa a kasuwar tokunbo su ne na baya. Katunan GTX 900 da GTX 10, alal misali, nouveau na iya kunna su amma ba ya iya ƙara musu gudu, don haka dole a koma rufaffen direba, wanda jerin 580 ne na ƙarshe da ya san da zamansu.

Idan irin wannan ce a hannunka, kada ka je ka kwaso direba daga intanet ka ɗora da kanka. Ubuntu da Linux Mint duk suna da wurin zaɓen direba, su za su ba ka wanda ya dace, su kuma sabunta shi tare da sauran manhaja. Sannan a kula da Secure Boot: yayin ɗorawa za a nemi ka ƙirƙiri kalmar sirri, bayan ka sake kunnawa wani shuɗin shafi ya fito. Mutane kan tsallake shi don gaggawa, alhali a nan ne ake ba direban izinin aiki. In fuskar ta yi baƙi ƙirin, kwamfutar ba ta mutu ba; danna Ctrl da Alt da F3 tare, za ka samu inda za ka rubuta umarni ka cire abin da ka ɗora.

Ni dai a yanzu in zan raka wani kasuwa, da filashi mai ɗauke da Linux Mint nake tafiya. In mai shago ya yarda, sai mu tayar da kwamfutar daga filashin ba tare da an taɓa komai a cikinta ba, in rubuta lspci in ga sunan katin, sannan a fara ciniki. Ga yaron da karatu da bidiyo kawai zai yi, mai Intel nake zaɓa masa, ta fi arha, kuma batirinta ya fi jure rashin wuta.